Waƙar Yarima Abdurrahmani Ɗan Almami Ibrahima Sori Na Futa Jalo, Tare Da Sharhinta

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ɗaukaka wanda ya so, Mai ƙasƙantar da wanda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan waƙa ce mai baiti 20 a kan karin mutaƙarabi, da amsa-amon wa, na tsara ta a kan wani bawan Allah, Bafulatani, ɗan sarki, mahayin doki, wanda aka kama a fagen yaƙi yana da shekara 26, ya yi shekara 40 cikin bauta a ƙasar Amurka. Na bi kowane yanki na waƙar da sharhi, domin almajiri ya san abin da yake rerawa.

FASALI NA ƊAYA: BUƊEWA

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ta'ala Gwani wanda ba ya gazawa.

Salati ga Manzo da Alai, Sahabbai,
Da duk wanda ke bin su har ran tsayawa.

Nufina na ba ku hikayar Yarima
Na Futa da yaƙi ya mai da shi bawa.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Futa biyu ce. Akwai Futa Toro a bakin kogin Sanagal, akwai kuma Futa Jalo, ƙasar duwatsu da ruwan sanyi, wadda yau take cikin ƙasar Gini. Daga duwatsunta kogin Gambiya yake tasowa, haka kogin Tinkiso wanda yake zuba cikin Kwara, har ruwansa ya bi ta Yamai ya gangara. A wajen shekara ta 1725 ta Miladiyya malaman Fulani na wannan ƙasa suka tashi da jihadi ƙarƙashin Karamoko Alfa, watau kusan shekara 80 kafin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804. Suka kafa daula mai larduna tara, Timbo ce birnin mulki, Fugumba kuwa birnin malamai inda ake naɗa wa Almami rawani. Bayan Karamoko Alfa, jagoranci ya koma hannun ɗan'uwansa Ibrahima Sori, wanda ake ce wa Mauɗo, watau babba. Shi ne mahaifin wanda muke magana a kansa.

FASALI NA BIYU: TASHINSA

A Timbo ya tashi gidan mai sarauta,
Da allo da mashi a hannu riƙewa.

Ya je Jenne, Tumbutu, neman karatu,
Ya komo da ilmi da halin yabawa.

Sharhi: An haifi Abdurrahmani a wajen 1762, ke nan Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, ya girme shi da kamar shekara takwas. Al'adar gidajen sarautar Futa ita ce yaro ya fara da allo kafin a ba shi linzami. Bisa ga abin da shi da kansa ya ba da labari daga baya, yana da shekara 12 aka tura shi gabas neman ilmi, ya zauna Masina da Jenne da Tumbutu, ya komo gida yana da shekara 17. Ya iya karatun Larabci da rubutunsa, ya kuma ji harsunan maƙwabta ban da Fulatancinsa. Da ya komo sai ya shiga rundunar mahaifinsa, ya yi ta hawa har aka ba shi jagorancin mayaƙa. Ya yi aure, aka haifa masa ɗa namiji, ya sa masa suna Alhusaini.

Ka lura da wannan allo, ya kai mai karatu, domin duk abin da ya mallaka a Timbo, doki da takobi da bayi da suna, za a raba shi da shi a yini ɗaya, sai abin da ya wanke daga allo ya zuba a ƙirjinsa.

FASALI NA UKU: BAƘON TIMBO

Bature ya faɗo garinsu da ciwo,
Uban nasa bai ƙi shi, sai taimakawa.

Ka zam shuka hairi ga kowa ka gan shi,
A can inda ba ka zato ke tsirowa.

Sharhi: A wajen 1781 wani likitan jirgin ruwa, mutumin ƙasar Ailan, mai ido ɗaya, sunansa Jon Koks, ya sauka gaɓar teku don farauta, ya ɓace a daji, jirginsu ya tashi ya bar shi. Mutanen Futa suka tsince shi a galabaice, da ciwo a ƙafa, suka kai shi gaban Ibrahima Sori. Almami ya sa aka ba shi masauki, aka yi jinyarsa, ya zauna Timbo kamar wata shida, suka saba da Abdurrahmani wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara 19. Da ya warke ya nemi komawa, sai Almami ya ba shi guzurin zinariya, ya haɗa shi da 'yan rakiya har bakin teku. Ba addininsu ɗaya ba, ba launinsu ɗaya ba, babu kuma wata riba da ake hange gare shi. Haƙƙin baƙo kawai aka ba shi. Riƙe wannan labari, za mu komo kansa bayan shekara 26.

FASALI NA HUƊU: KAMU

Dakaru dubu biyu ya ja su yaƙi,
Ya ci, sai ya juyo gida ba kulawa.

A tsauni maƙiya suna nan a ɓoye,
Ya zauna wurin nan, jini na zubowa.

Sharhi: A farkon 1788, wadda ta yi daidai da 1202 ta Hijira, aka tura Abdurrahmani da mayaƙa kimanin 2,000 a kan wasu mutane da suke tare hanyar fatauci tsakanin Futa da bakin teku. Ya shiga ƙasarsu, suka watse gabansa, ya ƙone garuruwansu, ya juyo yana ganin an gama. Ashe janyewa suka yi, suka riga shi zuwa wata matsattsiyar hanya a tsauni suka yi kwanto. Da mahaya suka iso wurin, dole suka sauka suna jan dawakinsu saboda hawan dutse, sai harbi ta ko'ina. Ya umarci mutanensa su nemi kan tsauni, shi kuwa ya ga gudu abin kunya ne ga ɗan gidansu, ya tsaya har aka harbe shi a kafaɗa. Suka rufe shi, suka buge shi da gindin bindiga har ya suma. Da suka ga tufafinsa suka gane babban kamu ne, suka tuɓe masa takalma, suka kora shi da ƙafa tare da kimanin 50 daga mutanensa, tafiya mai nisa har kogin Gambiya.

A nan akwai magana mai ɗaci wadda bai halatta mai sharhi ya tsallake ta ba. Hanyar da ya fita karewa, ba gishiri da tufafi kaɗai ake bi da su a kanta ba. Daular Futa tana kai shanu da shinkafa da fatu bakin teku, tana kuma kai mutane, kamammun yaƙi, tana karɓo bindiga da albarushi. Abdurrahmani ya tashi cikin wannan ciniki yana ganinsa abu ne na yau da kullum, kamar yadda manyan zamaninsa suke gani. Rijiyar da aka gina domin wasu, ita ce ɗan mai gida ya faɗa. Tun a 1615 Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu, wanda shi kansa ya ɗanɗani kamu lokacin da aka tafi da shi Marrakush a 1594, ya rubuta littafinsa Mi'irajus Su'udi yana amsa tambayar mutanen Tuwat. Ya bayyana cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma lissafa ƙasashe irin su Barno da Kano da Katsina da Sangai da Mali a matsayin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Amma kasuwa ba ta tambayar fatawa. Idan aka buɗe ƙofar sayar da ɗan Adam, ba ta tantance mai salla da marar salla, ba ta san ɗan sarki ba. Waɗanda aka ƙone wa garuruwa su ma suna da uwaye da 'ya'ya, kuma hisabin kowa yana wurin Allah.

FASALI NA BIYAR: CINIKI DA TEKU

Da taba, giya, bindiga anka sai shi,
A jirgi da sarƙa ruwa na kaɗawa.

Kitsonsa na girma su aske da ƙarfi,
Yarima da hauya yake sunkuyawa.

Sharhi: A bakin kogin Gambiya aka sayar da shi ga wani jirgin Ingilishi, abin mamaki sunan jirgin Afirka. Kuɗinsa 'yan bindigogi ne, da albarushi, da ɗaurin taba, da kwalaben giya. Wanda ya karanta Suratu Yusufa zai tuna da wani ɗan babban gida da aka sayar da 'yan dirhamomi ƙidayayyu. Aka jera su a cikin cikin jirgi, a ɗaure, babu wurin miƙewa tsaye, suka yi kamar mako shida a kan teku har tsibirin Dominika. Daga nan aka wuce da shi birnin Niyu Oliyans, wanda gobara ta cinye mafi yawansa a watan Maris na wannan shekara, sa'an nan aka haura da shi kogin Misisipi zuwa garin Nacez, wanda a lokacin yake hannun Sifaniyawa. A watan Agusta 1788 wani saurayin manomi mai suna Tomas Fosta ya saye shi, shi da wani mutumin ƙasarsu mai suna Samba, a kan kuɗi fiye da dala 900 su biyun. Masana sun ƙiyasta cewa mutanen da aka ɗora wa jirage daga Afirka zuwa ƙasashen Amurka, a tsawon wannan fatauci, sun kai kimanin miliyan 12 da rabi. Shi ɗaya ne daga cikinsu.

Ya yi ƙoƙarin fahimtar da ubangidan nan cewa mahaifinsa sarki ne, zai fanshe shi da zinariya da shanu. Aka yi dariya, aka laƙaba masa suna da harshensu mai ma'anar Yarima, don ba'a, sunan kuwa ya bi shi har mutuwa. Aka ɗaure shi aka yanke dogon kitsonsa, wanda a Futa alama ce ta 'yantaccen namiji. Aka miƙa masa hauya, alhali a ƙasarsu noma aikin bayi ne, ɗan Fulani na gidan sarauta ba ya taɓa shi. Ya ƙi, aka yi masa bulala. Ya gudu ya shiga daji ya yi makonni, har aka fid da rai da shi. Amma ina za shi? Teku ce tsakaninsa da gida, kashe kai kuwa haramun ne ga Musulmi. Sai ga shi wata rana ya komo da kansa. An ruwaito cewa matar gidan ya tarar, ya kwanta ƙasa ya ɗora ƙafarta a wuyansa, irin yadda kamamme yake miƙa wuya a ƙasarsu. Tun daga ranar bai sake gudu ba.

FASALI NA SHIDA: SHEKARA ARBA'IN

Ya yo arba'in babu allo gabansa,
Kiran salla kunnensa ba ya jiyowa.

Giya bai taɓa ba, da sata, da ƙarya,
Rubutun da ke zuci ba ya ɓacewa.

Sharhi: Gonar Fosta ta fara da taba, daga baya ta koma auduga, auduga kuwa da kiwon shanu abubuwa ne da mutumin Futa ya sani tun yana yaro. Wanda ya saba jan mayaƙa bai rasa dabarar jan ma'aikata ba, saboda haka ya zama shi ne mai lura da sauran bayi, dukiyar Fosta ta yi ta haɓaka a hannunsa. A ƙarshen 1794 ya auri wata baiwa haifaffiyar can, Kirista, sunanta Isabela, suka haifi 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu, kuma bisa dokar ƙasar dukansu dukiyar Fosta ne tun daga ranar haihuwa. An ba shi ɗan fili yana shuka kayan lambu, yana kaiwa kasuwa ranar hutu. Waɗanda suka zauna da shi, har da masu bautar da shi, sun shaide shi da cewa ba ya shan giya, ba a taɓa kama shi da sata ko ƙarya ba, kuma ba a cika ganin dariyarsa ba.

Almajirai sukan tambaya, shin mutumin da ya yi shekara 40 babu Jumu'a, babu liman, babu Mus'hafi, yana raka matarsa majami'ar Kirista, me za a ce game da addininsa? Amsa ita ce, shari'a ta bambanta mai zaɓi da wanda aka tilasta. Ammaru ɗan Yasir, Allah ya yarda da shi, ya furta abin da mushirikan Makka suka so a ƙarƙashin azaba, aka saukar da uzurinsa a cikin Suratun Nahli, saboda zuciyarsa tana natse da imani. Bawa a gonar auduga ba shi da ikon lokacinsa, ba shi da ikon jikinsa, ba shi da ikon 'ya'yan cikinsa. Mu da muke jin kiran salla sau biyar daga masallatai uku a unguwa ɗaya, sa'an nan mu makara, ba mu ne za mu hau kujerar alƙali a kansa ba. Hasarar da ta tabbata ita ce ta zuriya, domin 'ya'yansa sun tashi ba su san alif ba, kuma alhakin wannan yana wuyan wanda ya sayar da wanda ya saya.

FASALI NA BAKWAI: HAƊUWA DA WASIƘA

Bature ya gan shi a hanya ya gane,
Ya so ya yi fansa, ake ta hanawa.

Wasiƙa guda ce ta je har Maroko,
Ta sa anka kwance shi bayan daɗewa.

Sharhi: A 1807, yana da kamar shekara 45, ya kai dankali kasuwa kusa da Nacez, sai ga wani Bature mai ido ɗaya bisa doki. Suka dubi juna, Baturen ya tambaye shi ƙasarsu, ya sauko ya rungume shi. Likita Koks ne, baƙon Timbo, wanda ƙaddara ta kawo shi zama wannan yanki. Ya tafi wurin Fosta ya nemi sayensa don ya 'yanta shi, ya yi ta ƙara kuɗi har dala 1,000, Fosta ya ƙi, domin ya san abin da gonarsa za ta rasa. Koks bai daina nema ba har ya mutu a 1816, ɗansa kuma ya ci gaba, shi ma bai samu ba. Amma shaidar likitan ta yi amfani, gama daga ranar mutanen garin suka san cewa sunan da suke kiransa da shi don ba'a gaskiya ne.

Wani mai buga jarida a Nacez, Andiru Mashak, ya san labarin, ya ce masa ya rubuta takarda zuwa ƙasarsu. A 1826 Abdurrahmani ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya sawwaƙa da Larabci, daga abin da ya hardace na Alƙur'ani. Mashak ya zaci mutumin Maroko ne, ya ba wani ɗan majalisar dattawa takardar, ta isa Washinton, daga can aka aika da ita ga wakilin Amurka a birnin Tanja. Tsakanin Maroko da Amurka kuwa akwai alkawarin zumunci tun 1786. Sarkin Maroko na lokacin, Maulaya Abdurrahmani ɗan Hishamu, takwaransa, da labari ya kai gare shi cewa ga Musulmi mai rubutun Larabci cikin bauta, sai ya nuna yana son a sake shi. Sakataren harkokin waje Henri Kilei ya kai maganar gaban shugaban ƙasa Jon Kwinsi Adams, ya yarda. Fosta ya ga tsohon ya kai shekara 66, ƙarfinsa ya ragu, sai ya amince ya sake shi ba da kuɗi ba, da sharaɗin a fitar da shi daga ƙasar, kada ya zauna a 'yantacce inda 'ya'yansa za su gan shi. Ranar 22 ga Fabrairu 1828 aka sa hannu. Ya ce ba zai tafi ya bar matarsa ba, mutanen garin suka yi karo-karo suka biya dala 200 aka 'yanta Isabela.

Dubi wannan, ya kai almajiri mai ƙyuyar allo. Zinariyar Futa ba ta kai gare shi ba, dawakin mahaifinsa ba su ƙetare teku ba, kuɗin likita ba su karɓu ba. 'Yan layukan da ya koya yana yaro a gaban malami, su Allah ya sanya sababi.

FASALI NA TAKWAS: ROƘO, KOMOWA DA WAFATI

Ya zaga birane da tsufa da roƙo,
Ɗiyansa a bauta yake son cirowa.

Su nemi ya zana du'a'in Nasara,
Shi Ummul Kitabi yake rattabawa.

Ya tako gaɓar tamu, bai kai gida ba,
Kiran Rabbana ne ya zo, ba musawa.

Sharhi: Ranar 8 ga Afrilu 1828 suka bar Nacez a jirgin ruwa, 'ya'yansu suna tsaye a gaɓa suna kallo. Ranar 15 ga Mayu ya gana da shugaba Adams a Washinton, ya roƙi a taimake shi fansar 'ya'yansa da jikokinsa, bai samu daga gare shi ba. A nan kuma ta bayyana cewa shi ba mutumin Maroko ba ne, sai aka shirya ya bi jirgin ƙungiyar da take kai 'yantattun bayi Laberiya. Kafin tafiya ya yi kusan wata goma yana zaga biranen arewacin ƙasar, Filadelfiya da Boston da Hatfod da Niyu Yok, yana tsayawa gaban taro, tsoho mai furfura, yana ba da labarinsa, ana jefa masa abin da aka jefa. Baƙaƙen fata 'yantattu na Boston sun yi masa walima ta girmamawa. Masu taimakonsa kuwa kowa da nufinsa: 'yan kasuwa suna son ya buɗe musu hanyar Timbo da Tumbutu, masu wa'azin Kirista suna son ya kai addininsu Futa. Ya yi musu magana mai daɗi, bai musa musu ba, gama 'ya'yansa suna hannun mutanensu. A watan Disamba 1828, a Filadelfiya, wani ya roƙe shi ya rubuta masa addu'ar da Kiristoci suke karantawa, da haruffan Larabci. Ya karɓi takarda ya rubuta Fatiha, suka adana ta suna zaton abin da suka nema ne, kuma takardar ta wanzu har masu jin Larabci suka karanta ta daga baya.

Shekarar zaɓe ce a Amurka, abokan hamayyar Adams suka mai da labarinsa makamin siyasa a jihohin masu bayi, Fosta ya husata ya ce an saɓa sharaɗi. Abin da ya tara ya haura dala 3,000, bai kai rabin abin da ake nema ba. A watan Fabrairu 1829 shi da Isabela suka shiga jirgi mai suna Hariyet daga Nofok, tare da wasu kimanin 150, cikinsu har da saurayi Yusufu Jenkins Robats wanda ya zama shugaban Laberiya na farko a 1848. Suka sauka Monrobiya ranar 18 ga Maris. Waɗanda suka yi tafiyar tare da shi sun ba da labari cewa da ya komo ƙasar Afirka sai ya koma ga sallarsa da ibadarsa a fili, ba ɓoyo. Tsakaninsa da Timbo saura kimanin mil 300. Ya aika da saƙo gida, ya zauna jiran damina ta wuce, yana kuma jiran labarin 'ya'yansa. Sai zazzaɓi ya kama shi, jiki ya riga ya gaji. Ya rasu ranar 6 ga Yuli 1829, a farkon Muharram na 1245, yana da kimanin shekara 67, a zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake mulki a Sakkwato. Fosta ma a wannan shekara ya mutu, magada suka raba bayinsa. Da kuɗin da tsohon ya tara aka fanshi mutum takwas daga zuriyarsa, 'ya'yansa maza biyu da iyalansu, suka iso wurin Isabela a Monrobiya a 1830. Sauran suka wanzu cikin bauta, ba a kuwa soke bauta a Amurka baki ɗaya ba sai 1865. A 1977 wani malamin tarihi na can, Teri Alfod, ya tattara takardun da suka shafe shi ya fitar da littafi a kan rayuwarsa, da haka labarinsa ya sake fitowa bayan an manta.

FASALI NA TARA: RUFEWA

Ilahi jiƙan shi da sauran irinsa,
Da sunansu ba wanda ke ambatawa.

Ka ba mu cikawa da Kalmar shahada,
Tamat, nan na kai, alƙalam na tsayawa.

Sharhi: Ya ku 'yan'uwa, abin da nake so ku ɗauka daga wannan tarihi uku ne. Na farko, haƙƙin kamamme. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wasiyya da kyautata wa kamammun Badar, har sahabbai suna ba su gurasa su kuwa su ci dabino, kuma wanda ba shi da kuɗin fansa daga cikinsu, in ya iya rubutu, ya koya wa yara goma na Madina a sake shi. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa fansar Musulmi kamamme wajibi ce, a fara daga baitulmali, in babu sai daga dukiyar jama'a. Abdurrahmani ya yi shekara 40 wannan wajibi bai isa gare shi ba. Kada wani ya ce wannan labarin dā ne. A 2017 duniya ta ga hoton samarin Afirka ana cinikinsu a Libiya, da yawansu ta hanyar Agadas suka bi, kuma har yau akwai gidajen da suke tara kuɗin fansar ɗansu daga hannun masu satar mutane. Wanda ya taimaka wa irin wannan gida da ko sisi, ya sauke wani yanki na wajibi, wanda kuwa ya ci riba da kama mutum, ko ya yi wa masu kamawa dillanci, to ya san tare da wa za a tashe shi.

Na biyu, ku kai yaranku makaranta tun suna ƙanana, ku tsare su a kan harda da rubutu, domin ba ku san ƙasar da za su kwana ba.

Na uku, ku girmama baƙo ko daga ina ya fito, kamar yadda Almami Ibrahima Sori ya yi, ku kuma ambaci alherin wanda ya yi alheri ko ba addininku ɗaya ba, kamar yadda muka ambaci likitan nan da ya yi shekara tara yana neman 'yancin ɗan mai masaukinsa.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi Fatiha ɗaya da Ƙulhuwallahu 11, ya ba da ladan ga Abdurrahmani ɗan Ibrahima Sori, da dukan Musulmin da suka mutu cikin sarƙa, a teku ko a tudu, ba wanda ya yi musu wanka ko salla. Allah ya gafarta mana, da iyayenmu, da malamanmu, ya kuɓutar da kowane kamamme, ya mai da kowane baƙo gidansu lafiya. Amin.